Shekarar da Ƙarafan Ragarmu Suka Kwana a Muzdalifa

Idan ka tambayi mutumin Utaibiyya ko ƙungiyar ƙwallonmu ta wace unguwa ce, zai dube ka sama da ƙasa kamar ka zage shi. Idan ka tambayi mutumin Aziziyya, shi ma irin kallon da zai yi maka ke nan. Ni kuwa Allah ya haɗa ni da aiki: a Utaibiyya aka haife ni, a Aziziyya na yi aure, kuma ni na tsare ragar ƙungiyar shekara da shekaru. Don haka duk majalisar da na zauna shan shayi, da zarar an ɗauko zancen ƙwallo sai a rage murya.

Kada wani ya ɗauka wata babbar ƙungiya nake nufi. Irin ƙananan ƙungiyoyin unguwa ce da suka cika Makka, waɗanda talabijin bai san da zamansu ba. 'Yan wasanmu direbobi ne da teloli da masu tsaron shago, yawancinmu jikokin Hausawan da suka zo aikin Hajji suka yi zamansu, sai ɗaliban ilimi daga Najeriya da ke shigowa su buga shekara biyu ko uku su koma gida. In Allah ya sa wani matashi ya yi fice a cikinmu, manyan ƙungiyoyi su zo su yi gaba da shi, mu kuma mu yi ta cika baki cewa mu muka koya masa ɗaure takalmi. Rigarmu ruwan goro ce. Kofunan da muka ci tun kafuwarmu za su shiga kwali ɗaya, har a samu wurin zuba albasa.

Kawu, ƙanin mahaifiyata, shi ya kafa ta tun ina yawo ba wando. Mai walda ne, gajere, mai saurin hawa da saurin sauka. Filinmu na farko a bayan gidansa yake a Utaibiyya, a gindin dutse, kuma a karkace yake, don wanda ya san Makka ya san ba a barin shimfiɗaɗɗen wuri a banza. In ka ajiye ƙwallo a tsakiya ka juya baya, da kanta za ta kama hanya ta gangara ragar ƙasa. Baƙi ba su san haka ba. Kawu yakan yi musu karamci, ya ce tunda su baƙi ne su fara da gefen gangare. Su yi ta godiya. Sai an dawo daga hutun rabin lokaci, ƙafafu sun yi nauyi, su tarar da kansu suna hawan tudu mu muna zubo musu. Mun daɗe ba a ci mu a gida ba, kuma har yau mutanen Utaibiyya suna cewa ƙwarewa ce.

A zamanin wannan filin Kawu ya ƙera ƙarafan raga. Bututun ƙarfe shida ne, huɗu a tsaye biyu a gicciye, da notin da ake kwancewa, ya shafe su da fenti ruwan goro. Dalilin notin kuwa Hajji ne. Da watan Zulƙida ya tsaya, duk wani fili a garin nan ya zama na motocin alhazai, ƙwallo ta tafi hutu. Sai a kwance ƙarafa a kai gidan wani a ajiye. Daga nan al'adarmu ta samo asali, ba wanda ya rubuta ta kuma ba wanda ya isa ya karya ta: unguwar da ƙarafan suka wayi gari a cikinta ranar ɗaya ga Muharram, ita ce gidan ƙungiya a wannan shekarar. A can za a buga wasan buɗe kaka tsakanin masu aure da samari, mutanen can za su dafa shayi, su kuma za su yi baki har shekara ta zagayo.

Wata shekara muka dawo bayan Hajji muka tarar an haƙa ƙaton rami a tsakiyar fili, za a tayar da bene. Ƙungiya ta yi ƙaura zuwa Misfala, inda 'yan'uwanmu na can suka samo mana wani kwari. Kaka uku muka yi. Sun riƙe mu hannu bibbiyu, ba zan ci amanarsu ba, sai dai filin nasu hanyar ruwa ce. Ruwan sama ba ya yawan zuwa Makka, amma ranar da ya zo ba ya sallama. Ya same mu ana tsakiyar wasa muna da ci ɗaya, ya tafi da ƙwallo da tabarmar 'yan kallo da usur ɗin alƙalin wasa. Har gobe mutanen Misfala suna saka wannan wasan cikin nasarorin da aka samu a hannunsu.

Wanda ya ɗauko mu daga can wani dattijo ne mai shagon turare a Aziziyya, tsohon abokin Kawu, wanda tare suka fara buga ƙwallo a gindin dutsen nan. Ya samo mana fili shimfiɗaɗɗe sumul, ba tudu ba gangare, kuma tun daga ranar muka fara sanin ɗacin shan kashi a gida. Gidansa yana da farfajiya babba, abin da mutanen nan ke kira hosh, sai ƙarafa suka samu wurin kwana. Bana a can, baɗi a can, har yaran Aziziyya suka tashi ba su san ƙungiyar ta taɓa zama wani wuri ba. Ni kuma garin kai ƙarafa ajiya na ga 'yar gidan, abin da Allah ya nufa ya faru, dattijon ya zama surukina. Ammi nake ce masa, kamar yadda ake yi a nan. Mutanen Utaibiyya suka ce Aziziyya ta haɗa raga da mai tsaronta ta yi awon gaba da su.

Shi da Kawu kuwa ba sa rabuwa kuma ba sa shiri. Kowace Sallah sai sun rungumi juna, sun tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan su zauna su yi ta musu a kan ƙarfe shida har shayi ya huce.

Tsufa ya zo wa Kawu ta gwiwa, sannan ya hau ido. Ya daina zuwa Aziziyya kallon wasa, don ko ya je inuwoyi kawai yake gani suna kai da kawowa. In na je gaishe shi ran Juma'a, sai ya sa ni in ba shi labarin wasa tun daga bugun farko, yana gyara mini inda na yi kuskure a wasan da bai gani ba. Ana haka aka rushe wani tsohon gini da ke fuskantar tagarsa, aka kwashe ɓaraguzai, wuri ya zauna fayau. Wata Juma'a cikin Zulƙida ina shiga ya kama hannuna ya ja ni bakin taga.

"Ya walad, duba mini nan. Me kake gani?"

"Fili, Kawu."

"Zai ɗauki mutum bakwai-bakwai?"

Na ce zai ɗauka, in an matsa. Ya juya yana fuskantar hasken.

"Ni dahin, yanzu kam, ido ya tafi," ya ce. "Ban ce zan ga wasa ba. So nake in zauna a kujerar nan in ji ihu ya shigo ta tagar nan sau ɗaya, halas, shi ke nan. Kafin baɗi sun tayar da wani benen, ni ma ban san inda nake ba. Je ka gaya wa surukinka ya ba ni ƙarfena."

Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Mutumin da ya saba ba da umarni da tsawa, ranar a hankali ya yi magana, kuma bai saki hannuna ba sai da na ce to.

Na je wurin Ammi a shago, na durƙusa na gaishe shi, na zagaya na zagaya sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Ya saurare ni har ƙarshe yana gyara garwashin turaren wuta. Ya turara mini riga, ya turara mini gemu, sannan ya yi murmushin nan nasa na 'yan kasuwa.

"Ƙarfe na kawunka ne, wa ya musa? Amma al'adar ma ai shi ya kafa ta. In ƙarafa suka wayi gari a Utaibiyya, wallahi ni zan fara zuwa da shayi. Sai dai ba su da ƙafa, ya waladi."

Na fito ina ƙamshi, hannu rabbana. A hanya na yi ta juya maganar. Bai ce kada a taɓa ba. Cewa ya yi ba su da ƙafa. Kafin in isa gida na riga na shawo kaina cewa izini ya ba ni a fakaice, don mutum in yana son yin ɓarna ba ya rasa hujja.

Lokacin ma ya ba ni dama. Mutanen Aziziyya da yawa sukan bar wa alhazai gidajensu a kwanakin Hajji, kuma Ammi yakan kwashi iyalinsa su hau Ɗa'ifa shan iska. Matata ta bi su. Ranar tafiya tana haɗa kaya ta dube ni ta ce, "Kwana biyun nan ka cika ladabi. Duk abin da kake ƙullawa, ba ruwana, kuma kada ka ce na sani." Na rantse mata da abin da bai kai rantsuwa ba, ta ja akwatinta ta fita.

Matsala ɗaya ta rage: mota. A waɗannan kwanakin ba kowace mota ke yawo da kaya ba, sai mai takardar izini. Nan na tuna da ɗan wasanmu mai lamba tara, wani ɗalibin ilimi daga Sakkwato, dogo siriri, wanda a aji ba a jin muryarsa amma a fili ba ya tausayin kowa. Duk Hajji yakan shiga cikin wasu masu raba wa alhazai ruwa saboda Allah, kuma suna da ƙaramar motar ɗaukar kaya, wanet, mai izini. Na same shi bayan sallar la'asar.

"Malam, tambaya gare ni. In mutum ya ɗauko abin kawunsa daga gidan surukinsa, sata ce?"

Ya dube ni, ya shafa ɗan gemunsa.

"Wagga mas'ala akwai magana cikinta. Mai abun shina raye?"

"Yana raye."

"Shina son abinai?"

"Kamar ransa."

"To ni dai ɗalibi ne, ban kai ga fatawa ba. Amma in ƙarafan raga kaka nufi, na iya tuƙi." Ya ɗaga yatsa. "Sai dai motarmu hanya guda taka bi, Muzdalifa. Ba ta zuwa Utaibiyya."

A nan muka ƙulla dabarar da a lokacin na ɗauka ba a taɓa yin irinta ba. Masu raba ruwa sukan kafa rumfuna a bakin hanyar da ke shiga Muzdalifa, da bututun ƙarfe da tamfol. Za mu kai ƙarafanmu su zama rumfa guda. In Hajji ya ƙare, a kwashe su tare da kayan masu ruwa a kai ma'ajiyarsu, inda ɗan Aziziyya ba zai taɓa tunanin dubawa ba. Ranar ƙarshe ta Zulhajji in ɗauko su in kai Utaibiyya. Ga lada ga biyan buƙata.

Sai kuma na ƙara da nawa wayon. Samarin Aziziyya rabinsu a bakin wannan hanyar suke aiki lokacin Hajji, kuma ko daga nesa suka hango ruwan goro sun san ƙarfen waye. Na sayo farin fenti. Na shiga farfajiyar surukina da makullin matata, na jera ƙarafa shida a ƙasa, na shafe su fari fat, shafi biyu, har notin ban bari ba. Na tsaya ina kallon aikina ina jinjina wa kaina.

A Makka wanda ba ya son a gan shi ba ya jiran duhu, don da duhu kowa idonsa biyu. Tsakar rana ake yi, bayan azahar, lokacin da ko kyanwa ta nemi inuwa. A wannan lokacin muka zo da wanet. Muna cikin kiciniyar ɗora ƙarfe na farko sai ƙofa ta buɗe, wani tsohon alhaji daga cikin mutanen Kano da suka sauka a gidan ya leƙo. Ya tambaye mu ina za a kai, ɗan Sakkwato ya ce rumfar ruwa za a yi wa alhazai, kuma gaskiya ya faɗa. Tsohon nan ya koma ciki ya kirawo 'yan ɗakinsa, suka fito mutum biyar suka kama mana. Da muka gama ya ɗaga hannu ya yi ta zuba mana addu'a, yana cewa Allah ya yi wa iyayen da suka haife mu albarka, irinmu sun yi ƙaranci a wannan zamani. Na ce amin kaina a sunkuye. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, amma ban sauke ƙarfe ko ɗaya ba.

Rumfa ta yi kyau. Na wuce ta wurin da idona na ga tsofaffi zaune a inuwarta suna shan ruwa, samarin Aziziyya suna giftawa ba wanda ya ɗaga kai. Daɗi ya cika ni. Na kira Kawu a waya na ce masa ya kwantar da hankalinsa, magana ta ƙare.

Ni a kwanakin Hajji motar alhazai nake ja, ba ni da lokacin sosa kai. Na bar sauran aikin a hannun ɗan Sakkwato. Shi kuma murar nan da ke bin mutane bayan Hajji ta kayar da shi, ya kwanta kwana huɗu ko waya ba ya ɗagawa. Masu ruwa suka zo kwashe kayansu ba shi. Ashe duk ƙarfensu yana da ɗan koren zobe da suka zana a wuya don kada ya haɗu da na wasu. Suka ɗauki masu zobe. Farare shida da ba su da alama, mutanen kirki ne, ba sa ɗaukar abin da ba nasu ba, suka jingine su a bakin hanya. Motocin share wuri suka biyo baya.

Da ƙyar na gano inda ake zube irin waɗannan kaya, wani fili can bayan gari. Mai gadin wurin ya bar ni na shiga. Na tsaya. Bututun ƙarfe ne tuli a kan tuli, wani ya fi gidan Kawu tsawo, kuma kowane fari ne.

"Naka wace alama gare su?" in ji mai gadi.

"Farare ne," na ce.

Sai da ya riƙe ƙofa don dariya. Na ciro makulli na fara kankare ƙarafa ɗaya bayan ɗaya, ina neman ruwan goro a ƙarƙashin fari. Yini biyu na yi ina wannan aikin, ɗan Sakkwato ya zo yana tari ya taya ni yini na biyu. Mun ga tsatsa, mun ga shuɗi, mun ga baƙi. Ruwan goro ko ɗigo.

Ammi ya dawo daga Ɗa'ifa. Ya gayyace ni cin abinci, ya sa aka shimfiɗa mana a farfajiya, a daidai wurin da layuka shida na farin fenti suka fito raɗau a kan siminti. Ya tura mini nama gabana.

"Ci, ya waladi. Wanda ya yi mana fentin nan ya iya jan layi, masha Allah. Shimfiɗa jarida ce bai iya ba."

Matata tana bakin ƙofa da tire, ta juya baya kafaɗunta suna rawa. Nan na faɗa masa komai, har da mai gadi. Murmushin ya bar fuskarsa. Ya daɗe yana kallon layukan, sannan ya ce, "Ka gaya wa kawunka?" Na ce a'a. Ya ce, "To wannan ba zan taya ka ba."

Na yi ta ɗaga zuwa wurin Kawu har ranar ƙarshe ta Zulhajji. Da na isa na tarar labari ya gama unguwa. An share fili, an tsince ƙusoshi, matar Kawu ta wanke kofunan shayi, an matsar da kujerarsa jikin taga. Ya ji takuna ya ce, "Ina motar? Ban ji mota ba." Na durƙusa a gabansa na ba shi labari tun daga farko. Na so ya yi tsawa, ya zage ni kamar yadda ya saba. Bai yi ba.

"Fari ka shafa musu?"

"Fari, Kawu."

"A Hajji."

Ya girgiza kai.

"Ɗan nan, a garin nan aka haife ka. Ko raƙumi ka shafa wa fari a Hajji ai ya ɓace."

Ya juya fuskarsa wajen bango ya ce in ja masa ƙofa. Na sauko daga benen ina share hawaye, ni da gemuna. Ba ƙarfen ne ya dame ni ba. Abu ɗaya tsohon nan ya roƙe ni a rayuwarsa, na je na ɓatar da shi garin nuna wayo.

Washegari bayan la'asar fili ya cika. Mutanen Utaibiyya sun zo don ba su san abin da za su yi da kansu ba, na Aziziyya sun zo cin fuska. Musu ya kaure. Na Aziziyya suka ce tunda daga gidansu aka ɗauka, ƙungiya tana nan a hannunsu. Na Utaibiyya suka ce a nuna ƙarfen. Wani ɗan Misfala da ba a gayyata ba ya ce bisa ƙa'ida a Muzdalifa ya kamata a buga, tunda can aka gan su na ƙarshe. Ni ina rakuɓe a jikin bango, kowa ya wuce sai ya ce mini sannu da fenti.

Sai hayaniya ta fara mutuwa daga gefen gidan Kawu. Ga shi nan ya fito, matarsa tana riƙe da hannunsa, ya ɗora tsohuwar rigarsa ruwan goro a kan jallabiya. Rabon da ya sauko da ƙafarsa an daɗe. Ya sa aka kai shi ƙarshen fili, ya tsaya, ya cire takalminsa na dama ya ajiye. Ya yi taku bakwai a gicciye yana dafa sanda, ya cire na hagu ya ajiye. Sannan ya ɗaga murya yana kiran Ammi da laƙabin da su kaɗai suka sani tun suna samari.

"Kai, mai turare! Kafin in ƙera ƙarfe, da me muke yin raga?"

Ammi ya kau da kai, Kawu ya ci gaba.

"Kai ka tsare ragar sama ranar farko, kada ka ce ka manta. Takalman nan a Utaibiyya suka wayi gari. Akwai mai musu?"

"Raga ɗaya ba ta yin wasa," in ji Ammi.

"Ɗayyib. To ka tsaya da naka a ƙafa, ka yi ta kallon tsoho ba takalmi."

Ƙasar Makka bayan la'asar ba ta gama hucewa ba, kuma kowa yana ganin yadda Kawu ke ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya. Ammi ya dubi takalmansa, na fata ne masu kyau, na zuwa Juma'a. Ya yi tsaki. Ya taka har ɗaya ƙarshen filin, ya cire su ya jera, ya juyo yana nuna mu da yatsa.

"A shaida, waɗannan a Aziziyya suka wayi gari!"

Sannan ya miƙa mini makullin motarsa ya ce in ɗauko abin da ke kujerar baya. Manyan butocin shayi biyu ne, da zafinsu. Tun daga gida ya taho da su.

Kawu ya ƙi zama a fili. Ya ce ta taga ya ce zai ji, kuma ta taga zai ji. Aka hau da shi. Muka raba, masu aure da samari, ni na tsaya tsakanin takalman Kawu. Ba a jima da farawa ba ɗan Sakkwato, wanda mura ta saki, ya yanke mutum biyu ya ɗaɗa wata ƙwallo. Ta wuce ta saman takalmin hagu, a tsawon kafaɗata, ta daki bangon maƙwabta. Samari suka ce ta shiga. Muka ce waje. Suka ce da akwai turke da ta ciki za ta bi. Muka ce to ina turken? Duk aka juyo aka dube ni. Nan fa wuri ya rikice, Hausa da Larabci suka cakuɗe, wannan yana rantsuwa, wancan yana auna iska da hannu, Ammi ba takalmi yana tsakiyar fili yana nuna yadda ƙwallon ta karkata, alhali lokacin da aka buga yana zuba shayi.

Da abin ya ƙi ƙarewa wani ya ce a tambayi mai ƙungiya. Muka ɗaga kai gaba ɗaya. Kawu ya dafa ƙarfen taga da hannu biyu, bakinsa a buɗe.

"Ta shiga!" ya ce.

"Haba Kawu, ai ba ka gani ba!" na ce.

"Ban gani ba, amma na san waye a raga."

Fili ya ɗauki dariya. Ya ɗaga hannu aka yi shiru, sai muryarsa ta sauka.

"Ashe ranar da na ƙera ƙarafan nan gardama na kashe da hannuna ban sani ba. Rabon da in ji irin wannan tun ina da baƙin gashi. Yalla, ku ci gaba. Ku ɗaga murya, kunnen ma ya fara nauyi."

Yana faɗa yana goge ido da gefen rigar ruwan goro. Muka ci gaba. An ci ni huɗu a ranar, uku daga ciki har yau ban yarda sun shiga ba, kuma kowace sai da muka yi mata musu iya ƙarfinmu muna fuskantar taga. Da aka kira magariba na kwashe takalman na hau na ajiye a gabansa. Ya laluba, ya tura mini su da ƙafa ya ce in riƙe, amma kada in kuskura in shafa musu komai.

Kawu bai kai wata Muharram ɗin ba. Filin ma yanzu bene ne, da kantin sayar da waya a ƙasa. Ƙungiya tana nan, mun yi sababbin ƙarafa, kuma a Aziziyya muke buga wasa don can ne akwai fili. Takalman suna gidana a cikin leda. Amma duk ranar ƙarshe ta Zulhajji nakan ɗauke su in kai Utaibiyya, in ajiye a gindin tagar nan, matarsa ta ba ni shayi, washegari in dawo in ɗauka.

Ammi ya tsufa sosai yanzu, kuma har yau in aka taɓo zancen zai rantse ƙungiya ta Aziziyya ce. Bara aikin alhazai ya sha mini kai, na manta kwanan wata. Ana gab da la'asar wayata ta yi ƙara, na ga shi ne.

"Ya waladi," ya ce, "gobe ɗaya ga wata. Ka kai masa takalman kuwa?"